Bahagon da ya ajiye ƙwallo yana ɗan shekara 30: nazarin wani ciwon gwiwar hannu

Wannan nazari ya bi sawun ciwon wani ɗan wasan besbol na Amurka, bahago, mai suna Sandy Koufax, wanda ya yi wa ƙungiyar Dodgers jifa daga 1955 zuwa 1966. Zan riƙa kiran sa Bahagon. Ciwon ya bayyana sosai a 1964, aka yi ta fama da shi kaka biyu da ɗoriya, sannan ya raba shi da sana'arsa a daidai lokacin da babu mai jifa kamarsa a ƙasar.

Aikin mai jifa da abin da yake yi wa hannu

A besbol ƙungiyoyi biyu ke karɓa-karɓa, wannan na jifa waccan na bugu, har zagaye tara. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudun ƙasa, mita 18.44 daga mai bugu, ya wurga ƙwallo mai nauyin kusan giram 145. Idan mai bugu ya kasa samun jifa uku masu kyau, an kore shi ke nan. Ana auna mai jifa da yawan waɗanda ya kora, da wasannin da ya ci, da kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zagaye tara. Wanda matsakaicinsa ya yi ƙasa da 3 gwani ne. Ƙasa da 2 kuwa ba kasafai ake gani ba.

Jifan ta saman kafaɗa ake yin sa. Hannu yakan koma baya har iyakarsa, sannan a fizgo shi gaba da dukkan ƙarfin jiki. A wannan ɗan lokaci gefen gwiwar hannu na ciki yana buɗewa, wata gajeriyar jijiya da ta ɗaure ƙashin dantse da na sangali ita ke hana shi rabuwa. Gefen waje kuma matsewa yake yi, ƙashi na danne ƙashi. Idan jijiyar ta saki, gaɓar takan yi sako-sako, guringuntsin da ke shimfiɗe a kan ƙasusuwan ya riƙa gogewa, ƙashi ya fara fitar da tsiro a gefe-gefe. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa.

A shekarun 1960 ƙungiya takan dogara da manyan masu jifa huɗu. Kowa ya yi wasa sai ya huta kwana uku, a rana ta huɗu ya dawo, kuma ana sa ran wanda ya fara wasa shi zai ƙarasa shi.

1955 zuwa 1963: kafin ciwon

An haifi Bahagon a Brooklyn, cikin birnin New York, a ƙarshen Disamba 1935. Dodgers ta ɗauke shi a 1954 da kuɗin sa hannu dala 14,000. Dokar lokacin ta ce duk wanda aka ba fiye da dala 4,000 dole ya zauna a babbar ƙungiya shekara biyu, don haka bai taɓa zuwa ƙananan ƙungiyoyin da ake koyon sana'a ba. Yana da ƙarfin jifa amma ba shi da saiti. Daga 1955 zuwa 1960 ya ci wasa 36, ya sha kaye a 40.

A atisayen share fagen kakar 1961, mai cafke masa ƙwallo, Norm Sherry, ya ba shi shawarar ya rage ƙarfi ya nemi saiti. Shawarar ta karɓe shi. A kakar nan ya ci wasa 18, ya kori mutum 269. A ranar 20 ga Satumba 1961 ya yi jifa 205 a wasa ɗaya da ya kai zagaye 13, shi kaɗai daga farko har ƙarshe.

A 1962 wani ciwo daban ya same shi. Gorar bugu ta murƙushe masa wata jijiyar jini a tafin hannun hagu, ɗan yatsansa manuni ya yi sanyi ya yi fari, daga baya fatar ta tsage. Magani ya buɗe jijiyar, amma ya rasa wajen wata biyu. A 1963 ya dawo ya ci wasa 25, ya faɗi 5, matsakaicinsa 1.88, ya kori 306. Ya karɓi lambar Cy Young ta gwarzon masu jifa, Dodgers kuma ta lallasa Yankees a wasanni huɗu a jere ta ɗauki kofin World Series, gasar ƙarshe ta shekara wadda ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu ke lashewa.

Afrilu zuwa Agusta 1964: farkon ciwon

A ranar 22 ga Afrilu 1964, yana cikin wasa da Cardinals, ya ji wani abu ya saki a hannunsa. Aka yi masa allurar kotizon, maganin rage kumburi, sau uku, ya tsallake wasanni uku. Da ya dawo babu alamar rauni a jifansa. A ranar 4 ga Yuni ya gama wasa da Phillies ba tare da ko mutum ɗaya ya samu bugu mai kyau a kansa ba, karo na uku ke nan da ya yi haka.

A ranar 8 ga Agusta, a wasa da Milwaukee, ba ma jifa yake yi ba lokacin da abin ya faru. Ya yi bugu ya kai tasha ta biyu cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa kafin ya ci maki, aka nemi a kama shi ya yi nisa da ita, ya yi sufa ya koma, ya faɗi a kan gwiwar hannun hagu. Ya ƙarasa wasan, ya kuma ci wasanni biyu bayansa. Na biyun, ranar 16 ga Agusta, bai bari an ci ko maki ɗaya ba, ya kori 13. Washegari ya tashi hannun ya ƙi miƙewa, gwiwar ta cika da ruwa ta kumbura.

Likitan ƙungiyar, Dakta Robert Kerlan, ya ɗauki hoton ƙashi ya ce amosanin gaɓa ne irin wanda rauni da yawan aiki ke haifarwa. Faɗuwar 8 ga Agusta ta fito da ciwon fili ne kawai, gaɓar ta daɗe tana cinyewa. Aka zuƙe ruwan da allura, aka sa kotizon, aka ba shi hutu. Da ya gwada jifa sai kumburin ya dawo. Kakarsa ta ƙare a nan, da nasara 19, kaye 5, matsakaici 1.74.

Maris 1965: hutun da bai warkar ba

Abu na farko da aka dogara da shi hutu ne. Daga tsakiyar Agusta har zuwa atisayen shekara mai zuwa hannun bai yi aikin kirki ba, kumburi ya sauka, aka shiga atisaye da kyakkyawan zato. A ƙarshen Maris ya yi cikakken wasan gwaji na zagaye tara. Da safiyar 31 ga Maris ya farka ya ga hannun hagunsa ya yi baƙi saboda jinin da ya kwanta a ƙarƙashin fata.

Ya bar sansanin atisaye ya koma Los Angeles wurin Kerlan. Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ya ce in ya samu yin wasa sau ɗaya a mako ya yi sa'a, kuma in ya ci gaba a haka, wata rana hannun ba zai ƙara yi masa cikakken aiki ba.

Aka tsara rage masa nauyi ta hanyoyi biyu. Za a tsawaita hutun da ke tsakanin wasanninsa, kuma zai daina jifan motsa hannu da masu jifa kan yi a ranakun hutu. Dukansu biyu ba su je ko'ina ba. Alkawarin daina jifan motsa hannu wasa ɗaya ya yi ya rushe, tsarin ƙarin hutu kuma aka jingine shi, Bahagon ya koma layinsa na kowace rana ta huɗu.

Kakar 1965: yadda aka riƙa lallaɓa hannun

Abin da ya rage shi ne a danne zafi da kumburi daga wasa zuwa wasa, kuma a nan ne aka fi yin aiki.

Kafin wasa ana shafa masa wani man zafi mai suna Capsolin, wanda ake yi da sinadarin da ke sa barkono yaji. Mai shafawar sai ya sa safar hannu. Man yana ƙona fata har zafin ƙunar ya rufe zafin da ke cikin gaɓar. Wani abokin wasansa ya taɓa aron rigar ɗuminsa a wata rana mai sanyi, bai san man ya jiƙa ta ba, fatarsa ta yi ƙuraje ya yi ta amai. Wannan shi ne abin da Bahagon yake shafawa duk bayan kwana uku.

Don zafi yana shan ƙwayar Empirin mai haɗe da kodin, da dare, wani lokaci har a tsakiyar wasa. Don kumburi yana shan Butazolidin, magani mai ƙarfi da daga baya aka janye shi daga amfanin mutane a ƙasashe da dama saboda illar da yake yi wa ɓargo da jini, aka bar shi ga dawakai. Idan ruwa ya taru a gwiwar sai a zuƙe shi da allura a zuba kotizon. Bayan kowane wasa yakan zura hannun cikin wani hannun riga da aka yanko daga tufkar taya, ya tsoma shi cikin bahon ruwan ƙanƙara ya zauna har sanyi ya kashe shi.

A ƙarƙashin wannan tsari bai tsallake layinsa ba. Ya fara wasa 41, ya ƙarasa 27 shi kaɗai, ya yi jifa zagaye 335 da ɗoriya. Ya ci 26, ya faɗi 8, matsakaicinsa 2.04. Ya kori mutum 382, adadin da ba a wuce ba sai a 1973 da Nolan Ryan ya kori 383. A ranar 9 ga Satumba, a wasa da Cubs, masu bugu 27 suka zo gabansa, babu ɗaya da ya taka tasha ta farko, 14 daga cikinsu korar su ya yi. Aka tashi 1 da 0.

Dodgers ta kai World Series da Minnesota Twins. Wasan farko, 6 ga Oktoba, ya faɗo a ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, shi kuma Bayahude ne, ya ce ba zai yi wasa ba. Wannan ya matsar da layinsa gaba da kwana ɗaya. Ya yi wasa na biyu ranar 7 ya sha kaye, ya yi na biyar ranar 11 bai bari an ci maki ba. Da aka kai wasa na bakwai, ranar 14, kwana biyu kacal ya huta. Jifansa mai lanƙwasa ya ƙi yi masa aiki a ranar, ya koma kusan kacokan kan miƙaƙƙen jifa mai gudu. Bugu uku kawai aka samu a kansa, ya kori 10, aka tashi 2 da 0, Dodgers ta ɗauki kofi.

Tun kafin shekarar ta ƙare ya faɗa wa wani ɗan jarida na San Diego a asirce cewa kakar 1966 ita ce ta ƙarshe. Ɗan jaridar ya riƙe sirrin.

Kakar 1966

A wancan zamani ɗan wasa ba shi da ikon barin ƙungiyarsa ya nemi wata, ƙungiya ce ke riƙe da shi muddin tana so. A farkon 1966 Bahagon da abokin jifansa Don Drysdale suka haɗa kai suka ƙi sa hannu, suna neman dala miliyan ɗaya a raba musu cikin shekara uku. Bayan kwana 32 aka sasanta, shi ya karɓi dala 125,000 na shekara guda, Drysdale 110,000. Kusan duk atisayen share fage ya wuce su.

A watan Afrilu Kerlan ya gaya masa lokacin tsayawa ya yi, hannun ba zai ɗauki wata kakar ba. Bai faɗa wa kowa ba, ya ci gaba da maganin bara. Ya sake fara wasa 41, ya ƙarasa 27, zagaye 323. Ya ci 27, ya faɗi 9, matsakaicinsa 1.73, wanda shi ne mafi kyau a rayuwarsa. A ranar ƙarshe ta kakar, 2 ga Oktoba, Dodgers na bukatar nasara ɗaya don zuwa World Series, ya sake fitowa da hutun kwana biyu ya doke Phillies 6 da 3. Ya karɓi lambar Cy Young karo na uku.

Wajen fili kuwa hannun yana ƙara lalacewa. Ya daina miƙewa gaba ɗaya, ya ɗan tanƙware, har tela yana rage tsawon hannun hagu na kwat ɗinsa. Ƙwayoyin sun hana cikinsa zama lafiya.

Wasansa na ƙarshe shi ne na biyu a World Series da Baltimore, ranar 6 ga Oktoba, wasa na uku da ya fara cikin kwana takwas. Wani mai tsaron fili ya yi kuskure uku a zagaye na biyar, Bahagon ya fita bayan zagaye shida, aka ci Dodgers 6 da 0. Baltimore ta cinye wasanni huɗu a jere.

18 ga Nuwamba 1966

Ya sanar da babban manajan ƙungiyar, Buzzie Bavasi, cewa zai ajiye wasa. Bavasi ya nemi ya jinkirta sanarwar, domin mai ƙungiyar yana Japan tare da 'yan wasa, kuma in labari ya fita wasu ƙungiyoyi za su tsauwala farashi idan Dodgers ta je neman mai maye gurbi. Ya ƙi jira. Ya tara 'yan jarida a otal ɗin Beverly Wilshire, ba tare da wani jami'in ƙungiyar a gefensa ba.

Dalilan da ya bayar a fili suke. Ya ce ba ya son ya ci gaba da karɓar allura kusan duk bayan wasa biyu, da yawo da ciki a jagule saboda ƙwayoyi, da yin wasa kansa na juyawa saboda maganin zafi. Ya ce yana da shekaru masu yawa a gaba bayan besbol, kuma yana so ya yi su da cikakkiyar lafiyar jikinsa. Da aka tambaye shi batun kuɗin da zai rasa, ya ce mutumin da hannunsa ɗaya ya mutu, in aka ce masa zai iya sayo shi, duk abin da ya mallaka zai bayar. Ya bar wasa da nasara 165, kaye 87, kora 2,396.

Bayan nan

A 1967 Dodgers ta faɗo zuwa ta takwas cikin ƙungiyoyi goma. Shi kuma ya yi aikin sharhin wasa a tashar NBC na shekara shida. A 1972 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol yana ɗan shekara 36, mafi ƙarancin shekaru da aka taɓa zaɓa, ƙungiyar kuma ta ajiye lambar rigarsa, 32. Daga 1979 zuwa 1990 ya koyar da matasan masu jifa na Dodgers.

A ranar 25 ga Satumba 1974, Dakta Frank Jobe, abokin aikin Kerlan, ya yi wa wani bahagon Dodgers mai suna Tommy John tiyatar da ba a taɓa yi wa mai jifa ba. Ya ciro wata jijiya daga ɗaya hannun, ya huda ƙasusuwan gwiwar, ya zarga ta a madadin jijiyar cikin da ta tsinke. John ya huta kakar 1975 baki ɗaya, ya dawo ya yi wasa har 1989, ya ci wasa 164 bayan tiyatar. Jobe da kansa ya taɓa cewa da dabarar ta zo masa shekara goma kafin nan, da sunan Bahagon aka laƙaba wa aikin.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

Hutu ya kasa saboda ciwon ba gajiya ba ce. Watannin da ya zauna tsakanin Agusta 1964 da Maris 1965 sun sauke kumburi, amma guringuntsin da ya cinye yana nan a cinye, shi ya sa cikakken wasa ɗaya ya dawo da komai.

Rage nauyi kuwa ba za a ce ya kasa ba, domin ba a gwada shi ba. Wannan ne ya fi damu na a labarin. Likita ya faɗi gaskiya sau biyu, a farkon 1965 da Afrilu 1966, amma shi ma'aikacin ƙungiya ne, kuma aikin da ya rage a hannunsa shi ne ya shirya mutumin don rana ta huɗu. Ƙungiya tana cin kofi da wannan hannu. Shi kansa Bahagon ba ya son a ce da shi mai jifan sau ɗaya a mako, kuma kwantiraginsa na shekara-shekara ne, abin da ya yi bana shi zai yanke albashin baɗi. Babu ko mutum ɗaya a cikin tsarin da tsayawarsa za ta amfana. Sakamakon shi ne zagaye sama da 658 cikin kaka biyu a kan gaɓar da aka riga aka ce ta lalace, ban da zagaye 30 na World Series. Manyan masu jifa na yau da ƙyar suke kai 200 a kaka, kuma ana ƙirga musu jifa, da sun doshi 100 a fitar da su.

Man barkono, kodin, Butazolidin, kotizon da ƙanƙara sun yi abin da aka nema daga gare su, sun ba shi kaka biyu da ba a manta da su ba. Ban ga dalilin raina wannan ba, shi ma bai taɓa nuna nadamar yin su ba. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa asalin ciwon. Zafi shi ne ke gaya wa mai jifa ya tsaya, su kuma aikinsu su hana shi jin wannan kira. Lambobinsa ma ba su taimaka ba, domin duk wanda ya duba 1.73 zai ce hannun nan lafiya lau yake. Wanda ya san halin da ake ciki sai likita, sai mai shafa mai, sai tela.

Tiyatar Jobe tana jan hankali, amma bai kamata a ɗora mata fiye da ƙarfinta ba. Jijiya take gyarawa. Ba ta mayar da guringuntsi, kuma abin da hoton ƙashi ya nuna a 1964 gaɓa ce da ta riga ta fara cinyewa. Inda za ta yi amfani sosai shi ne da wuri, kafin sako-sakon gaɓar ya goge ƙasusuwan, a shekarun da yake jifa 205 a wasa ɗaya.

Abu ɗaya da ya kai ga burin da Kerlan ya ambata, wato ceton hannun, shi ne tsayawa, kuma Bahagon ne ya yanke shi shi kaɗai, yana kan ganiyarsa, ƙungiyarsa na roƙon ya ƙara jira. Ya rasa albashi mafi tsoka a wasan da shekarun da tsararsa suka ci gaba da yi. Hannun ya ci gaba da yi masa aiki, ya yi wasan golf da shi, ya tsaya a gaban matasa shekara goma sha ɗaya yana nuna musu yadda ake riƙe ƙwallo. A ranar 1 ga Nuwamba 2017, kafin wasa na bakwai na World Series a filin Dodgers, an gayyace shi ya yi jifan buɗe wasa. Yana ɗan shekara 81, kuma da hannun hagu ya jefa.